Tukunyar Kakata a Birnin Kulau

Da sunan Allah, wanda ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya shimfiɗa ƙasa ba tabarma, ya ba kowane baki rabonsa, ya ba kowane hannu sana'arsa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka, ni ce Kuluwa mai daddawa, 'yar Gangaren Kalgo, matar marigayi Cindo. Karatuna bai wuce na salla ba, rubutuna kuwa in kaza ta gani cewa za ta yi nata ne. Amma tun da na fara shiga kasuwa ba a taɓa yanka mini farashi na ce na saya a karon farko ba, ban kuma taɓa sallama kayana don mai saye ya ɗaure fuska ba. Ga abin da idona ya gani a Birnin Kulau, can bayan Dutsen Kanwa, inda na sha takaicin da har yau in na tuna sai na ajiye abin da ke hannuna.

Da na fita takaba, abin da Cindo ya bar mini jaki ne guda, shi ma mai ɗingishi. Tukunya kuwa tawa ce, gadon kakata, baƙa ƙirin, ta fi shekara sittin tana dafa kalwa har ƙamshi ya zauna a jikin yumɓunta. A cikinta aka samo kayan ɗakin uwata, a cikinta aka samo nawa.

Sai ga Arzika, ƙanen mijina, ya zo da fara'arsa. Ya ce, "Matar yaya, wahalar hayaƙin nan ta isa haka. Ki dawo gidana. Ga ɗaki, ga tuwo safe da yamma, ko tsinke ba za ki ɗaga ba."

Na ce, "Arzika, tuwon da ba ni na nemo ba, ran da na yi maka gardama wa zai zuba mini?"

Ya yi dariya ya ce, "Wannan baki naki! To shi ke nan. Ran da tukunyar ta fashe, ɗakin yana nan yana jiran ki."

Maganar nan ban manta da ita ba. Ana haka wani falke ya ba ni labarin wani birni mai nisa da suka shekara ashirin ba su ga daddawa ba, har mutum zai iya ba da rago a kan curi ɗaya. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗora wa jaki buhu huɗu na kalwa, na naɗa gammo na ɗauki tukunyata, na kama hanya.

Kwana talatin da uku ina tafiya. Na ratsa dajin da zabinsa suka kai raƙumi tsawo, na wuce ƙauyen da ake tatsar nono a jikin itace, na haye Dutsen Kanwa wanda in rana ta doke shi sai ka runtse ido don fari. Duk wannan bai dame ni ba, dabba da dutse ba sa tambayarka komai. Damuwata ta fara ne ran da na iso gada.

Gada ce doguwa ta dutse, kyakkyawa, amma ƙarƙashinta yashi ne busasshe, ko kwaɗo ba zai jiƙa ƙafa ba. Sai na kora jakina zan bi ta cikin yashin. Nan take mutum goma sha biyu suka taso daga kan kujeru.

Babbansu, wani mai tumbi, ya ce, "Tsaya, baiwar Allah! Ta kan gada ake bi."

Na ce, "To ina kogin?"

"Ya canza hanya tun zamanin kakan sarki."

"To me kuke gadi?"

"Gada."

"Abin da kuke karɓa fa, me ake yi da shi?"

"Ana ciyar da masu gadin gada."

Na dube shi ko wasa yake, na ga ko gezau. Wai buhu biyu zan bayar, ɗaya na hawa gada, ɗaya na tarar raina gada. Na sauke tukunya, na shimfiɗa zane, na zauna. Muka yi ta ja tun hantsi. Na rantse, na yi fushi, na tashi kamar zan koma, na dawo. Muna cikin haka la'asar ta yi, sai na lura cikin su goma sha biyun mutum ɗaya ne kawai ke da inuwa. Ina kallo inuwar nan ta motsa, ta dafa ƙasa, ta miƙe tsaye, ta kakkaɓe riga, ta yi hamma. Kafin in ƙare salati ta zama mutum sosai, har da gemu. Ba wanda ya razana. Aka kawo masa kujera, aka auna masa mudun gero.

Mai tumbin ya ce, "Kar ki tsorata. A ƙasarmu duk wanda ya shekara a kan kujerar hukuma, inuwarsa kan tashi ta zama mataimakinsa. Shi ma wannan, baɗi war haka tasa za ta tashi. Da can mutum ɗaya ne a gadar nan. Kin ga yanzu baki ya ƙaru, buhu ɗaya ba zai ishe mu ba."

A buhu ɗaya dai muka rabu. Na wuce ina Allah ya isa a zuci.

Washegari na shiga wani daji, ɗorawa ce zalla iyakar ganinka. Kowace ta yi 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa, wasu sun zubo sun ruɓe, ƙafa na nutsewa a ciki. Ni da na sha tafiyar yini guda don in sayi kalwa kwano biyu, sai da hawaye ya zo mini. A gindin kowace bishiya akwai mai gadi a kan kujera. Na tambayi ɗaya me ya hana a tsince wannan arziki a tara.

Ya ce, "Ba a hana kowa ba. Sai dai in ka ciro goma, bakwai na Rumbun Kowa ne, wato rumbun hukuma."

"Shi ya sa ba mai hawa?"

"Mutanen yanzu ragwaye ne, Iya."

Na ce, "Ragwaye? Kai za ka hau bishiya, tururuwa ta cije ka, ka sauko a bar maka uku?"

Shi kuwa buhunana yake kallo. Wai wa ya shaida kalwata ba daga dajin nan na tsince ta ba? Na nuna masa tawa ta bara ce, busasshiya. Ya ce shi ba a ɗauke shi aikin sanin kalwa ba, aikinsa gadi. Buhu na biyu ya tafi.

A ƙofar Birnin Kulau aka karɓe na uku, harajin shigo da abin da babu shi a gari. Wannan duk na haɗiye. Sai wani dogari ya miƙa hannu ya sauke tukunyar daga kaina.

Na ce, "Kai, ɗan nan, hannunka ya san abin da ya taɓa kuwa?"

Ya ce, "Doka ce. Ba mai tukunyar kansa a birnin nan, kowa daga Tukunyar Gari yake ci. Wadda aka kama, bayan kwana goma a farfasa ta a daɓe hanyar rumbu da ita."

Na yi kururuwa har jakina ya taya ni. Ba wanda ya waiwayo sai wata tsohuwa mai ƙwarya a hannu. Ta ja ni gefe ta ce, "Ƙanwata, adana muryarki. Sunana Dela. Zo ki ga abin da za a ba ki a madadin tukunyarki."

Ta kai ni tsakiyar gari. Wallahi ban taɓa ganin irin wannan ba. Tukunya ce guda, faɗinta kamar tafki, an gina mata matakala. Mutane na cikin kwalekwale a kan miya suna tuƙi, wai motsa ta suke yi. Jama'ar gari kaf sun yi layi, malami da maƙeri, mai ƙarfi da makaho, kowa da ƙwaryarsa. Da aka zuba mini na leƙa, sai na ga fuskata, har da ɓacin ran da ke kanta.

Na ce, "Yaya Dela, wannan miya ce ko alwala za mu yi?"

Ta ce, "Ke dai sha. Ni da kike gani daddawa nake yi da, tirena har ƙofar fada ake nemansa. Shekarar wata yunwa ce uban sarkin nan ya kafa rumbu da tukunya, kuma Allah ya sani sun ceci rayuka. Yunwa ta wuce, tukunya ba ta wuce ba. Da ɗaya cikin goma ake karɓa. Inuwoyi suka yi ta tashi, kowace da bakinta, aka koma biyu, aka koma huɗu, yau bakwai. Abin da aka tara, mai karɓa ya ci, mai awo ya ci, mai gadin mai awo ya ci, ragowar ita ce wannan a ƙwaryarki. Kasuwa ta watse. Akwai ma Gidan Daddawa na Sarki, ma'aikata ɗari uku, shekara ashirin ko curi ɗaya bai fito ba."

Ina da curin daddawa guda da ya rage cikin guzurina, ƙulle a bakin zane. Na tambayi inda tagar sarki take. Na je daidai ƙarƙashinta na marmasa curin nan a cikin ruwan zafin da suke kira miya, na yi ta fifita da mayafi. Ba a daɗe ba sai ga dogarai, wai sarki na kiran mai wannan ƙamshi.

Sarki Nomau mutum ne siriri, idanunsa sun faɗa, rawani ya yi masa yawa. Shi ma daga Tukunyar Gari yake ci, don kada ya fi talakawansa. Wannan ya sa na ɗan sassauta. Ya kurɓi ƙwaryata, sai ga hawaye.

Ya ce, "Miyar kakata ke nan. Baƙuwa, za ki iya yin irinta a nan?"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, da tukunyata zan iya. Ba ita, ko ruwa ba na dafawa."

Sai wazirinsa, Anaruwa, wani dogo mai sanyin murya, ya matso ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, tukunyar ta zama ta Rumbun Kowa. Amma ana iya ba ta aro. In daddawa ta fito cikin kwana goma, a sallama mata ita. In ba ta fito ba, doka ta yi aikinta."

Na ce, "Aron tukunyar kakata za a ba ni?" Na danne zuciya na ƙara da cewa, "Na yarda. Amma kayan da aka sha wuya a kansa ba a sayar da shi yadda aka saye shi. In ta fito, a ba ni tukunyata, a kuma biya mini buƙata guda."

Sarki ya ce ya amince, a gaban jama'a.

Aka kai ni Gidan Daddawa, na roƙa aka bar Yaya Dela ta taya ni. Na raba buhun da ya rage mini gida biyu. Rabin farko muka dafa yini guda, muka surfa, muka wanke, muka sake dafawa da 'yar kanwa. Na juye ta da zafinta a kwandon da na shimfiɗe da ganye, na lulluɓe da wani ganyen, na kife faifai, na danne da tsumma. Duk macen da ta taɓa wannan sana'a ta san saura abu ɗaya: a bar ta. Kwana uku ba a ɗagawa, ba a leƙe. Ɗuminta ne ke nunar da ita, in iska ta shiga an gama.

Ban gama wanke hannu ba sai ga manya uku da mataimakansu a baya kamar jerin tururuwa: Sarkin Murfi, Sarkin Ganye, da Sarkin Awo mai ludayi rataye a wuya. Na farko ya ɗaga faifai, na biyu ya yaye ganye, na uku ya zura ludayi ya ɗebi rabon rumbu.

Na ce, "Innalillahi! Me kuke yi haka?"

Sarkin Murfi ya ce, "Duba. Duk abin da aka rufe a birnin nan sau biyar ake buɗe shi a yini."

Na roƙe su, na yi musu bayani, na haɗa su da iyayensu. Na ruga wurin Waziri Anaruwa. Ya saurare ni da kyau, ya ce, "Malama Kuluwa, in ba mu duba ba, wa ya san abin da ke faruwa a ƙarƙashin ganye? In guba ce ke haɗuwa fa? Rayukan jama'a a wuyanmu suke."

Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara talatin ina wannan sana'a, mai dubana shi ne mai saye. In na ba shi lalatacciya yau, gobe ya wuce tirena ya je na maƙwabciyata, ya kuma faɗa wa duk unguwa. Wannan tsoron ya fi dogaranka ɗari tsare ni. In na cuci wani, ga alƙali nan, a kai ni. Amma a bar kwando ya yi ɗumi!"

Ya yi murmushi ya ce doka ba ta san ɗumi ba.

Sau goma sha biyar aka buɗe kwandon nan. Ran na uku abin da ya rage a ciki ya sandare, ya yi tsami, ko akuya ta shinshina sai ta kau da kai. Manyan uku suka zauna suka tattauna, suka aika wa sarki cewa sun gano matsalar: ma'aikata ne suka yi kaɗan, a ƙaro hamsin.

Na zauna a gindin murhu na rungumi tukunyata. Ina jin muryar Arzika a kunnena, ɗakin yana nan yana jiran ki. Saura rabin buhu, saura kwana shida. Yaya Dela ta ce mu ɓoye kwandon, na ce ina za a ɓoye abu a garin da masu leƙe suka fi masu aiki yawa? Sai na tuna wani abu da kasuwa ta koya mini. In mutum biyu suka so akuyarka guda, kai ba ka da sauran magana, ka bar su da junansu.

Muka sake dafawa, muka surfa, muka juye, muka rufe. Da manyan uku suka iso, na tare su da gaisuwa har ƙasa. Allah ya yafe mini abin da na faɗa.

Na ce, "Ranku ya daɗe, na gano kuskurena. A garinmu hannun babba ne ke fara taɓa kwandon daddawa. In ƙarami ya riga shi, ta lalace, kuma laifin na wuyan ƙaramin. Ni baƙuwa ce, ban san darajarku ba. Cikinku wane ne babba?"

Sarkin Murfi ya gyara riga ya ce, "Wannan ai ba abin tambaya ba ne. Murfi ne a sama."

Sarkin Ganye ya ce, "A sama kamar hula. Ganye ne ke manne da kalwa. Kai ƙofa kake tsaro, ni ne a cikin ɗaki."

Sarkin Awo ya kaɗa ludayinsa ya ce, "Ku biyun duka don wa kuke buɗewa? Ba don in ɗiba ba? Bawa ke buɗe ƙofa, ubangida ya shiga."

"Wa kake kira bawa?"

Ai shi ke nan. Aka shimfiɗa tabarmi, kowa ya kira mataimakansa, aka aika a ɗauko tsofaffin takardu a ga kujerar wa aka fara sassaƙawa. Ni da Yaya Dela muka koma raba goro da ruwan sha, don kada muryar wani ta dishe. Yini ya wuce ba wanda ya taɓa kwando.

Rana ta biyu da azahar sai wani mai hankali a cikinsu, Allah ya shirye shi, ya ce, "Me zai hana ku sa hannu ku uku a lokaci guda?" Suka dubi juna, suka ce wannan shawara ce. Suka taso. A raina na ga tukunyata a farfashe ana taka ta. Har sun miƙa hannuwa na ce, "Madalla da wannan sulhu. To hannun wa zai kasance a sama?"

Suka tsaya cak. Sarkin Ganye ya janye nasa a hankali. Aka koma tabarma.

Ran na uku da hantsi ba sai an faɗa wa kowa ba. Ƙamshi ya fasa ganye, ya fasa tsumma, ya fita ta taga ya bi lungu-lungu. Masu layi suka bar layi. Masu kwalekwale suka ajiye filafili. Tsofaffi na tafe suna share hawaye suna kiran sunayen iyayensu. Na ɗaga faifai da hannuna, ga ta baƙa, laushi luɓus, tana yauƙi. Muka kirɓa, muka cura, muka shanya. A tukunyata na kaɗa miyar kuka, sarki ya ci malmala uku ya nemi ƙari.

Da ya wanke hannu ya ce, "Kuluwa, me ya sa taki ta yi, tamu shekara ashirin ta ƙi?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba abin da na ƙara. Kwana uku aka yi ba wanda ya taimake ta."

Na ɗauka ya gane. Sai na ji ya ce, "Daga yau na naɗa ki Sarauniyar Daddawa. A ba ta kujera da ma'aikata arba'in. A kafa Ofishin Hana Buɗe Kwando. Tukunyar nan kuwa a ajiye ta a fada, abin tarihi ce. Waziri, a ƙara ɗaya a kan bakwai ɗin nan don ɗaukar nauyin aikin."

Jama'a, na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Allah ya ba ka nasara, ashe duk hayaƙin da na sha a banza? A gaban mutanen nan ka ce tukunyata da buƙata guda. Maganar sarki ba ta da ragi, ni ma yau ba na ragi. Kujera ku riƙe abarku. Buƙatata ita ce ka sauke hannu. Ka karɓi ɗaya cikin goma, a ƙofa ɗaya. Da shi ka haƙa rijiya, ka kori 'yan fashi daga hanya, ka riƙe alƙalin da ba ya karɓar goro. Sauran ka bar wa wanda ya yi gumi, ya fi ka sanin inda takalminsa ke matsa masa."

Waziri ya ce, "Gajiyayyu fa? Makafi da marayu, wa zai ciyar da su in an kashe Tukunyar Gari?"

Na ce, "Gajiyayyun garinku nawa ne? Ƙaramar tukunya ta ishe su, miyar ma ta yi kauri. Kun jera maƙeri a layi ɗaya da makaho, kun hana wancan ƙira, kun raba musu ruwa su biyun. Wa kuka taimaka?"

Sarki ya daɗe yana kallon fadawansa, ɗaruruwa, ba mai inuwa sai ƙalilan. Na ga tausayinsu ya kama shi. Ya ce birni duka ba zai iya ba. Amma akwai wata tsamiya a bayan ƙofar yamma, ya ba ni gindinta shekara guda: duk abin da aka ciro ko aka ƙera don a sayar a can, ɗaya cikin goma kawai za a ɗauka. Na nemi birni aka ba ni bishiya. A rayuwata ban taɓa faɗuwa a ciniki irin wannan ba. Na karɓa, na ɗauki tukunyata da kaina, ban bar dogari ya taɓa ta ba.

Makon farko ni da Yaya Dela ne kawai da tire biyu. Mako na uku wasu samari suka shiga daji suka hau ɗorawa, tururuwa ta cije su suna dariya. Maƙeri ya zo da wuƙaƙe. Biyu daga masu kwalekwale suka gudo suka koma kamun kifi na gaske. Kafin kaka kasuwa ta wuce inuwar tsamiya ta kai bakin rafi. Mai karɓar ɗaya cikin goma ya rasa buhunan zubawa, har ya raɗa mini cewa abin da yake kai wa rumbu ya fi na dajin ɗorawa gaba ɗaya. Na ce to da fa? Bakwai cikin babu ai babu ce. Amma a cikin birni ba abin da ya canza. Har yau ana tuƙa kwalekwale a kan ruwan zafi, an kuwa kafa Ofishin Hana Buɗe Kwando, kuma na ji sau biyar suke buɗewa a yini don su tabbatar ba wanda ya buɗe.

Abin da ya rage shi ne wanda na fi jin kunyar faɗa. Tun watan farko Waziri Anaruwa ya aiko mini da wata 'yar kujera, mai sassaƙa kyakkyawa. Wai ba sarauta ba ce, don bayana ne ya huta, in riƙa sa ido a kasuwa a madadin hukuma. Na ce kujerar hutu ai ba laifi. Na zauna. Masu rigima suka fara kawo mini ƙara. Wannan ya ajiye mini kifi, waccan ta ajiye mini man shanu. Na fara cewa tire kaza ya matsa can, wance ta rage farashi. Daɗi ya ratsa ni. Sai da na yi wata biyu ban hura wuta ba.

Wata la'asar, shekara saura kwana uku ta cika, ina zaune sai Yaya Dela ta daka mini tsawa, "Kuluwa! Dubi ƙasa!"

Na duba. Hannuwana biyu na kan cinyata, amma hannun inuwata ya miƙe, yana lallaɓawa zuwa tiren mai ƙosai. Ɗaya hannun ya dafa ƙasa, tana shirin tashi. Na waiwaya wajen tukunyata, na ga gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Abin da dogarai da waziri suka kasa raba ni da shi, ga shi na ajiye da kaina.

Na zabura. Na karɓi gatarin mai itace, ko tayi ban yi ba, na rafka wa kujerar nan sau uku. Na share tukunya, na zuba kalwa da ruwa, na cusa ƙafafun kujera a murhu. Itacen busasshe ne, ya ci da kyau. Inuwata ta koma ta kwanta inda Allah ya ajiye ta, tana yin abin da na yi.

Daddawar da wannan wuta ta dafa, ita na cura guda goma sha biyu na ba falken da zai bi ta Gangaren Kalgo. Na ce ya kai wa Arzika, ya gaishe shi da kyau, ya ce a sa masa a miya, kyauta ce daga matar yayansa. Ɗakin kuwa ya zuba awaki.

Nan na ajiye alƙalami, don ya fi taɓarya gajiyar da ni, kuma akwai kwando a ɗaka da ya kwana biyu. Wanda ya zo gaishe ni yau ya tsaya a zaure. Allah ya ba kowa ikon cin guminsa, ya kuma kare mu daga hannun da ba ya iya barin ganye a rufe.